Ƙwayar Man Kifi: Ga Zaƙi Ga Harbi

A garuruwa irin su Karare, a yankin Batsari da Safana, ba abin mamaki ba ne ɗa ya dawo daga Katsina ko Kano da kwalbar ƙwayoyin man kifi, ya miƙa wa mahaifinsa mai fama da hawan jini. Niyyar kyakkyawa ce, domin an daɗe ana cewa man kifi yana kare zuciya. Sai dai irin wannan tsaraba tana bukatar tambaya kafin a haɗiye ta.

Maganar ta samo asali ne a shekarun 1970, lokacin da likitoci biyu 'yan Denmak, Bang da Dyerberg, suka nazarci jinin mutanen Girinland masu yawan cin kifi. Sun danganta lafiyar zukatansu da wani nau'in mai da ake kira omega-3. Daga nan kamfanoni suka shiga ɗura shi cikin ƙwayoyi.

Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. Wani ɗan siginar lantarki daga ɗakin sama na dama shi ke tsara bugunta, sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya ga baligin da ke hutawa. Idan siginar ta rikice, sai ɗakunan sama su riƙa karkarwa maimakon matsawa. Jini kan kwanta ya daskare, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa, ya haddasa shanyewar ɓarin jiki. Mai wannan larura ya fi wanda ba shi da ita haɗarin shanyewar kusan ninki biyar.

A 2021 masana sun haɗa sakamakon manyan gwaje-gwaje 7 da suka ƙunshi mutum 81,210. Sun gano cewa haɗarin wannan karkarwa ya ƙaru da kashi 25 cikin ɗari ga masu shan ƙwayar, ya kuma kai kashi 49 ga masu shan fiye da giram 1 a rana. A 2023 hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta sa a rubuta wannan illa a takardar magungunan omega-3.

Wannan ba ya nufin maganin ba shi da amfani. A gwajin REDUCE-IT na 2018, wanda aka yi da mutum 8,179 masu yawan kitse a jini, giram 4 na tataccen nau'insa ya rage manyan matsalolin zuciya da kashi 25 cikin ɗari, ko da yake waɗanda rikicewar bugu ta kwantar a asibiti sun ƙaru daga kashi 2.1 zuwa 3.1. Amma a gwajin VITAL, na mutum 25,871 da ba su taɓa ciwon zuciya ba, giram 1 bai rage manyan matsalolin ba. Ashe ribar ta wasu majinyata ce da likita ke lura da su, haɗarin kuwa yana iya shafar duk mai sha.

A nan ne lamarin ya fi nauyi ga mutumin ƙauye. Karkarwar kan zo ba tare da wata alama ba, kuma na'urar ECG ce ke tabbatar da ita, wadda sai an yi tafiya kafin a same ta. Saboda haka bai kamata a sha wannan ƙwaya bisa shawarar mai kemis ko mai tallar magani ba. Lambar NAFDAC tana nuna rajista ne, ba ta nuna cewa maganin ya dace da kowa. Kuɗin kwalbar ya fi amfani a awon hawan jini da sayen kifin kansa. Kifin gwangwani da titus suna da omega-3 mai yawa. Tarwaɗa da karfasa na madatsun Zobe da Jibiya ba su kai su ba, amma abinci ne mai gina jiki.

Ɗalibai suna da rawar takawa. Malamin kimiyya yana iya koya musu ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, su ƙirga bugu na minti ɗaya. Idan suka ji bugun wani dattijo yana tsalle ba tsari, ko yana kukan faɗuwar gaba da haki, a kai shi asibiti tare da kwalbar. Wanda kuma likita ya rubuta wa maganin, kada ya daina sai ya koma wurinsa.