Wa Bam Ɗin Yake Faɗo Wa?

'Yan uwana mata, da an ɗauko zancen sojan sama sai ki ji maigida ya ce, "Ke je ki duba tukunyarki, wannan ba hirar mata ba ce." Haba malam! To wa bam ɗin yake faɗo wa?

A watan Janairun 2017 jirgin sojan saman Nijeriya ya saki bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann, jihar Borno, wurin da yake maƙil da mata da yara. Mutum fiye da ɗari suka riga mu gidan gaskiya. Da aka yi bincike sai aka ce wai ba a sa wa sansanin alama a taswira ba. Ki ji fa, alama!

Rundunar nan ba jaririya ba ce, tun 1964 aka kafa ta. Sashen yaƙinta yana Makurɗi, na koyon tuƙi yana Kaduna. A 2021 aka kawo jiragen Super Tucano goma sha biyu daga Amurka, aka yi ta shewa. Madalla, ni ban ƙi ba, don wallahi akwai dajin da mota ba ta shiga sai dai jirgi. Amma matuƙi daga can sama, da wuya ya bambance taron biki da taron 'yan bindiga. Labarin da aka ba shi daga ƙasa, shi yake bi. Wa ke tantance labarin? Wa ke ba da umarni? In an yi ɓarna, wa ake hukuntawa? Nan ne gyaran yake, ba a sayen sabon jirgi kullum ba.

Batun hirar mata kuwa, a gaya wa maigida tun 2019 Kafayat Sanni ta zama matuƙiyar jirgin yaƙi.