Ayarin sati guda ba ya tsare idon mai sukari

Duk shekara haka muke gani a tele: ayarin lokotorori ya sauka a wani gari, an jera tsofaffi bisa tabarma, an cire musu yanar ido, washegari an kwance bandeji, ga kuka ga kabbara, ga wani babba yana jawabi. Madalla, Allah ya saka. Ita yana aikin yini guda ce, a cire abin da ya dushe, a sa na roba, tsoho ya koma gida yana ganin jikokinsa. Amma don Allah kar a ce mana da wannan an gama da makanta a Nijar.

Ciwon sukari ba ya jiran ayari. Shekara da shekaru yana cin ƙananan jijiyoyin jini da ke can ƙuryar ido, a tantanin da ke ɗaukar hoto. Babu zafi, babu ja, babu kwantsa. Jijiyoyin su toshe, ido ya tsiro wasu sababbi marasa ƙwari, ranar da suka fashe sai jini ya rufe gani, mutum ya ce sammu ne. Cikin masu sukari uku, kusan ɗaya yana ɗauke da alamar wannan ɓarna.

Kuma akwai magani, ƴan uwa, wannan shi ne abin haushin. Tun 1976 wani babban bincike a Amurka ya nuna ƙona gefen tantanin da hasken lazer yana rage haɗarin makanta mai tsanani da rabi ko fiye. Ba a yanka, ba a kwantar da mutum. A ɗiga magani a ido, ya zauna gaban na'ura, a yi masa ɗigo sama da dubu, sau da yawa a zama biyu ko uku. Sai dai lazer ba ya maido da ganin da ya tafi, wanda ya rage yake tsarewa. Ke nan sai an leƙa ƙuryar idon mai sukari duk shekara tun yana cewa lafiyarsa lau, kuma sai ya dawo an sake dubawa bayan aiki. Wane ayari ne zai yi wannan? Ayarin da ya ɗaure kayansa ran Juma'a?

Aikin mai zama ne. To masu zaman suna ina? Shirin Vision 2020 da aka buɗe a 1999 ya sa wa Afirka mizanin lokotoron ido ɗaya ga mutum 250,000. Mun haura miliyan 25, ku yi lissafin da kanku: ɗari ake nema. Ba mu kai ba, kuma ƴan kaɗan ɗin da muke da su, mafi yawansu suna Yamai. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi kilomita 600, daga Damagaram kusan 900. Ka ce wa tsohuwa daga Magarya ta shiga kar, da ɗan rakiya, da kuɗin masauki, randebu uku a tsakiyar damina. Za ta ce maka "sai bayan girbi". Idon kuwa bai san girbi ba. Mai ɗan hali ya canza sefa zuwa naira ya nufi Kano, don ta fi masa babban birnin ƙasarsa kusa. Wannan kaɗai ya isa ya hana wani minista barci.

Mu ma kar mu wanke hannunmu. Nawa ne cikin abokanmu masu karatun lokotoro da tun kafin su karɓi diploma sun fara neman kawun da zai hana a tura su Tanut ko Keita? Na san amsar da za su ba ni, kuma tana da ƙarfi: a kai ka inda babu fitilar duba ido, kuran yana zuwa yana tafiya, na'ura in ta lalace sai ta shekara ƙarƙashin zane, me za ka yi ban da rubuta takardar "ku tafi Yamai"? Gaskiya ne. Amma gwamnati ta ce babu ƙwararre don haka ba ta sayen na'ura, ƙwararre ya ce babu na'ura don haka ba ya zuwa, kowa ya fake bayan ɗan uwansa, tsohuwar Magarya tana lalube.

Ba abin al'ajabi muke roƙo ba. A koya wa malaman ido na asibitocin gunduma ɗaukar hoton ƙuryar ido, su aika ta waya ga ƙwararre, ya ware wanda ke bukatar lazer. Kowane babban asibitin jiha ya samu na'urarsa, da kuɗin gyaranta a rubuce cikin kasafi tun ranar saye. Wanda ƙasa ta biya wa karatun ido na shekara huɗu, a IOTA ta Bamako ko a ko'ina, ya sa hannu cewa zai yi wasu shekaru a Tawa, Maraɗi ko Damagaram, da gida da alawus da ake biya kan lokaci. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ta André Salifou suna koyar da aikin lafiya. Ƙungiyoyin ɗalibansu sun iya fita titi saboda burs. Su sa wannan ma cikin takardar koke ta gaba.