Wa Za Mu Bar wa Naƙasasshenmu In Mun Tafi Kasuwa?

Ƴan uwa ƴan kasuwa, maza da mata, yau maganarmu ta cikin gida ce. Duk wanda ya yi sammako zuwa kasuwar Madarunfa, ko Ɗan Isa, ko babbar kasuwar Maraɗi, in har ya baro makaho a gida, ko gurgu, ko tsohuwa mai shanyewar ɓarin jiki, to gangar jikinsa ce kawai ke rumfa, hankalinsa yana gida. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2022, ta ce mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da wata naƙasa. Ke nan da wuya a samu zuri'ar da abin bai taɓa ba.

To wa muke barin wa waɗannan bayin Allah? Mu gaya wa kanmu gaskiya. Galibi yarinya ce ƴar shekara tara ko goma muke cirewa daga lakwal, ko almajirin da ya zo bara mu riƙe shi da saura. Dalilinmu ɗaya ne: ba a biyansu. Amma araha ba ta ado. Yarinyar nan ba ta iya ɗaga kakarta zuwa makewayi, ba ta san lokacin magani ba, in wuta ta kama zane sai dai ta yi kururuwa. Yaron da aka mayar ɗan jagora kuwa, zai girma ya san kowane lungu na kasuwa amma bai iya rubuta sunansa ba. Naƙasa ɗaya ce a gidan, mu kuma mun ƙara ta biyu da hannunmu. Ko dokar ƙwadago ta ƙasarmu ta 2012 ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba aiki.

A ganinmu mai kula da naƙasasshe ya kasance baligi, kuma a zaɓe shi kamar yadda muke zaɓen yaron shago. Ba ma damƙa wa kowa akwatin kuɗi sai mun binciki asalinsa da halinsa. Ashe uwar da ta haife mu ba ta kai akwatin kuɗi daraja ba?

Abu na farko, a tambayi mai abin. Makanta ba kurumta ba ce, gurguntaka ba hauka ba ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi za a wanke, shi za a ciyar, saboda haka shi zai ce ya yarda da wane ko bai yarda ba. Mace ta kula da mace, namiji da namiji, domin a rufa asiri. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin naƙasassu, wadda Nijar ta amince da ita a 2008, ta tabbatar musu da ikon zaɓen inda za su zauna da wanda za su zauna da shi, kuma a 2019 ƙasarmu ta yi sabuwar doka kan shigar da su cikin harkokin jama'a.

Na biyu, a bincika. A tambayi mai unguwa da liman da maƙwabta. A nemi shawarar sarkin makafi ko sarkin guragu, domin sun fi mu sanin masu haƙuri da masu cin amana. A gwada mutum sati biyu, kuma a riƙa yi masa zuwan ba-zata da tsakar rana. In tsohuwa ta fara ramewa, ko ta yi tsit da zarar ya shigo, to akwai magana.

Na uku, a koya masa aikin, domin tausayi kaɗai bai isa ba. Wanda ke kwance ba ya motsi, a riƙa juya shi kamar duk awa biyu, in ba haka ba gyambo zai fito masa a baya da ƙugu. Mai farfaɗiya in ya faɗi, a kwantar da shi ta gefe, a nisantar da shi daga wuta da rijiya, kada a cusa masa cokali a baki. Wanda kuturta ta kashe wa jin zafi a hannu da ƙafa, a duba shi kullum, domin yana iya ƙonewa bai sani ba. Ga asibitin Danja nan kusa da mu, wanda tun shekarun 1950 yake kula da kutare. Mu kai mai kula ya ji daga bakin malaman asibiti.

Na huɗu, a biya shi, a yanka lada tun farko gaban shaidu, a ba shi ranar hutu. Mun san za a ce ina kuɗin? Gaskiya ne, ba kowace mai sayar da ƙuli-ƙuli ko kifin tabkin Madarunfa ke iya biyan albashi ita kaɗai ba. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A nan jihar Maraɗi aka fara asusun Mata Masu Dubara a 1991, har wasu ƙasashe suka kwaikaya. Me zai hana gida uku ko huɗu na unguwa ɗaya su haɗa zubi, su ɗauki mace guda mai hankali ta riƙa zagaya su ranar kasuwa? Ita ta samu abin yi, yarinya ta koma aji, uwar gida ta yi cinikinta da kwanciyar rai.

Mu tuna, mai lafiya yau shi ne majinyacin gobe. Haɗarin kabu-kabu ɗaya ko hawan jini ya isa ya kwantar da kowanenmu. Yadda ƴaƴanmu suka ga mun zaɓa wa iyayenmu, haka za su zaɓa mana. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya sa albarka a kasuwa, amin.