"Me ya fitar da kai daga wancan aikin?"

'Yan uwana ɗalibai, musamman 'yan aji shida masu shirin WAEC da NECO, akwai tambayar da ba ta cikin takardar jarrabawa, amma da yawanmu za mu haɗu da ita kafin shekara ta zagayo. Ka je neman aiki a kemis, ko gidan mai, ko wata makarantar kuɗi a cikin Dutsin-Ma, mai wurin ya dube ka ya ce, "An ce ka taɓa zama a shagon wane. Wata nawa ka yi?" Ka ce uku. Ya ce, "To me ya fitar da kai?"

A nan yawancin yayyenmu ke tuntuɓe. Wani ya ɓoye aikin gaba ɗaya, wani ya mai da wata uku shekara guda. Ni a ganina duk biyun wauta ce. Tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi wa bai san wani ba? Mai shagon da kake nema da wanda ka baro, wataƙila sahu ɗaya suke tsayawa ranar Juma'a. Kafin ka isa gida ya buga waya ya ji komai, kuma daga nan ya daina tunanin wata ukun, ya koma tunanin ƙaryar.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, sau da yawa babu ma abin kunya a cikin dalilin. A watan Satumba na 2021 gwamnati ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Dutsin-Ma da Kurfi. Yaron da ke zaman POS ko sayar da kati a lokacin, laifin me ya yi da aikinsa ya tsaya? A 2022 ASUU ta yi yajin aiki daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma suka watse, masu abinci da masu fotokwafi da ke ci da su suka rasa ciniki. Wanda ya yi ƙwadago a gonakin rani na bakin dam ɗin Zobe kuwa, kowa ya san ruwan sama na sauka aikin ya ƙare. Irin wannan aikin shi ya ƙare da kansa, ba kai ka guje shi ba. Faɗi watan da ka fara, da watan da ya tsaya, da abin da ka koya a tsakani: riƙe lissafi, tashi da asuba, haƙuri da mai saye. Haka 'yar uwarmu da iyayenta suka hana ta aiki don ana tashi bayan magariba, ta faɗa yadda yake.

Inda gizo ke saƙa shi ne idan rabuwar ba ta yi daɗi ba. An hana ka kuɗinka, ko kun yi sa'insa, ko korar ka aka yi. Nan ma gaskiya za ka faɗa, amma a taƙaice. "Ranka ya daɗe, mun yi magana a kan albashi, bai samu ba, na yi masa sallama na tafi." Ya isa. Kada ka zauna kana zayyana munin tsohon ubangidanka, ko da duk gaskiya ce, domin mai sauraronka shi ma ubangida ne, kuma a ransa cewa yake, gobe haka za ka yi da ni. Idan kuma makara ce ta jawo maka kora, ka ce makara ce, ka faɗi abin da ya sauya, misali yanzu kana kwana a cikin gari.

Za a ce gaskiya na iya hana ka aikin. Ƙwarai tana iyawa, akwai masu ɗaukar aikin da ba sa son jin komai sai shekaru. Amma wanda ya ɗauke ka bayan ya ji dalilinka ba zai tsinci labarin a bakin wani ba ranar da ka fara jin daɗin wurin.

Sannan amsar tana farawa ne tun ranar barin aiki. Mu nan, mahaifi ko kawu ke kai yaro wurin tela ko bakanike ya damƙa amana. To shi ya kamata ya koma ya karɓe ka. Wanda ya sulale ba sallama, ko da makullin shago a aljihu, ya ɓata shaidar da zai nema nan gaba. Wanda ya yi sallama yana iya cewa, "Ga lambarsa, ku tambaye shi."

Ga malamanmu kuma, muna roƙo: kafin 'yan aji shida su gama, a ware mana ko da awa ɗaya a ɗakin taro, wani malami ya zauna a matsayin mai ɗaukar aiki, mu shigo ɗaya bayan ɗaya ya jefa mana wannan tambayar.