Mastar a fannin hulɗa da jama'a: wane irin gwani Adar ke buƙata?

Tun watan Maris na 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, wata tambaya ta ƙara nauyi a jihar Tahoua: su wa za su tsaya tsakanin ma'aikatu da talakawa, kuma da wane horo? Tambayar ta shafi matasan da suka gama lisansi, suke tunanin ƙara shekaru 2 na mastar a fannin sadarwa da hulɗa da jama'a.

A ofisoshi da yawa, ana ɗaukar jami'in sadarwa tamkar maroƙin zamani. Aikinsa ya gayyato ƴan jarida, ya ɗauki hoton shugaba, ya saka a Facebook. Ilimin da ake koyarwa a matakin mastar ya wuce nan. A 1984, malamai biyu na Amurka, James Grunig da Todd Hunt, sun kasa wannan aiki gida 4: tallata suna ko ta halin ƙaƙa, sanar da jama'a gaskiyar abin da ake ciki, sauraren jama'a domin a san yadda za a shawo kansu, sai kuma tattaunawar da za ta iya sa ita kanta ma'aikatar ta sake shawara. Na ƙarshen shi suka fi yabawa, kuma shi ne arewacin Adar ya fi ƙishi.

A duba Salkadamna, arewa maso yamma da birnin Tahoua, inda aka aza harsashin aikin haƙar gawayi da tashar lantarki a 2014. Fiye da shekaru 10 ke nan ana jiran wuta. Duk ranar da aikin ya kankama, akwai batun gonaki da diyya, da rijiyoyi, da ɗaukar ƴan yankin aiki. Sanarwa a rediyo ba ta warware irin waɗannan. Sai an sami wanda zai zauna da hakimai da masu gonaki, ya ji kukansu, ya koma ya faɗa wa kamfani abin da ba ya son ji.

Haka zancen yake tsakanin manoma da makiyaya. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, dokar kiwo ta 2010 ta sake tabbatar da ita, amma gonaki na ta hawa wajen Abalak. Kwamitocin kula da filaye suna da doka a hannu. Abin da ke ba su wuya shi ne bayyana ta ga manomi Bahaushe, da Buzu mai Tamajak, da Bafulatani, ta yadda kowa zai ji an yi masa adalci kafin a saki dabbobi bayan girbi.

Yankin ma yana da darasinsa na gida. Aikin raya karkara na Keita, da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya, ya farfaɗo da fako mai yawa, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan aikin, domin maza sun tafi bida. Wanda bai san wannan tsari na Adar ba, zai kira taro ya tarar da rabin masu yanke shawara suna Abijan ko Libiya, ana tuntuɓarsu da saƙon murya ta WhatsApp. A inda jita-jita ke riga sanarwar hukuma isa ƙauye, shirun ma'aikata ma magana ne.

To ina ake samun horon? A Yamai akwai makarantar da a da ake kira IFTIC, wadda ta daɗe tana horar da ma'aikatan watsa labarai da sadarwa. A Dakar akwai CESTI tun 1965. A Kano, jami'ar Bayero na koyar da fannin har matakin gaba da digirin farko, kuma Najeriya ta kafa ƙungiyar ƙwararrunsa tun 1963, ta ba ta ƙarfin doka a 1990. Duk waɗannan hanyoyi ne masu kyau, sai dai kuɗin zama da na karatu ba kowane gida ke iya ɗauka ba, kuma wanda ya tafi ba lalle ya dawo Tchintabaraden ko Tillia da aiki ba.

Shi ya sa ido ke komawa kan jami'ar Djibo Hamani ta Tahoua, wadda aka kafa a 2010, mai ɗauke da sunan masanin da ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa. Tana koyar da shari'a, tattalin arziki, gudanarwa, ilimin tarbiyya da noma, waɗanda duk mai hulɗa da jama'a ke buƙatar sani. Mastar da za ta amfani yankin sai ta haɗa ka'idojin littafi da dabarun binciken ra'ayin jama'a, da rubutu da magana cikin Hausa mai tsabta, da ɗan abin gaisawa a Tamajak ko Fulatanci, da horon aiki na watanni a ofishin magajin gari ko rediyon karkara. Kundin kammala karatu kuma ya zama kan matsalar da ɗalibi ya taka da ƙafarsa.

Akwai gargaɗi ga iyaye da ɗalibai. Guraben aiki ba su da yawa, kuma ƙungiyoyin agaji da suka saba ɗaukar irin waɗannan matasa sun rage ayyuka. Kafin a biya kuɗin rajista, a tambaya ko gwamnati ta amince da takardar, su wa ke koyarwa, kuma ina ɗaliban baya suka sami aiki.

Sauran nauyin yana kan shugabannin ma'aikatu. In sun ɗauki mai mastar suka ajiye shi wajen jera kujeru da riƙon kyamara, an yi asarar shekaru 5 na jami'a. In sun ba shi kujera a inda ake yanke shawara, suka saurari abin da ya jiyo daga kasuwa da bakin rijiya, za a kashe wuta da yawa tun tana hayaƙi.