Sharhi: Tankokin dakon gas mai tsananin sanyi na buƙatar ƙa'idarsu ta daban kan bawul ɗin kariya

Duk lokacin da tankar man fetur ta kife ta kama da wuta a Najeriya, maganar da ke biyo bayan jaje ita ce ta bawul ɗin kariya. Haka aka yi bayan gobarar gadar Otedola da ke Legas a watan Yunin 2018. Haka kuma aka yi bayan masifar garin Majiya na jihar Jigawa a Oktoban 2024, inda fiye da mutum 150 suka rasa rayukansu, da ta mahaɗar Dikko a jihar Neja a Janairun 2025, wadda ta ci rayuka sama da 80.

Tun a shekarar 2021 aka ba masu tankoki wa'adin sanya wannan bawul, kuma yana cikin abubuwan da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ke dubawa kafin a yi wa tanka lodi a daffo. Daga ranar 1 ga Maris, 2025 kuma, hukumar da ke kula da tacewa da rarraba albarkatun man fetur, NMDPRA, ta hana yi wa tankoki masu ɗaukar lita 60,000 lodi.

Bawul ɗin da ake nufi a wannan muhawara shi ne wanda ke toshe bakin tanki, ya hana mai kwarara idan mota ta faɗi. Sai dai akwai wani rukuni na tankoki da ke ƙaruwa a manyan hanyoyin ƙasar nan, waɗanda rayuwar direba da ta jama'ar gefen hanya ta dogara ga bawul ɗin da zai buɗe a kan lokaci. Su ne tankokin da ke dakon iskar da aka sanyaya har ta zama ruwa. Idan aka haɗa su da tankokin fetur a ƙarƙashin ƙa'ida ɗaya da takardar bincike ɗaya, za a iya tantance mota a ce lafiyarta ƙalau alhali ba a duba abin da ya fi muhimmanci a jikinta ba.

Abin da ke cikin tankin

Iskar gas ta ƙarƙashin ƙasa tana zama ruwa idan aka sanyaya ta zuwa kimanin digiri 162 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos, kuma wannan ruwan ne ake kira LNG. Iskar oksijin da asibitoci ke ba marasa lafiya tana zama ruwa a digiri 183 ƙasa da sifili, naitirojin kuma a digiri 196. Amfanin yin haka shi ne rage girma: lita ɗaya ta ruwan LNG tana komawa kimanin lita 600 na iska, ta oksijin kimanin 860, ta naitirojin kuma kusan 700.

Ya kamata a bambanta wannan da gas ɗin girki da kuma CNG da gwamnati ke ƙarfafa amfani da shi a motoci tun bayan cire tallafin mai a 2023. Waɗannan biyun matsi ne ke riƙe su a cikin tukwanensu, ba sanyi ba.

An ƙera mafi yawan tankokin ruwa mai tsananin sanyi ne kamar fulas ɗin shayi: tanki a cikin tanki, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu, an kuma shimfiɗa abin da ke hana zafi ratsawa. Babu injin sanyaya kaya a jikin motar. Komai ingancin tankin, zafi yana kutsawa kaɗan-kaɗan, ruwan yana ƙafewa ya zama iska, matsi yana hawa daga lokacin da aka rufe bakin tanki har zuwa lokacin sauke kaya. Idan matsin ya kai iyakar da aka tsara, dole ne bawul ya buɗe ya fitar da wani kaso na iskar, sannan ya rufe da kansa. In bai buɗe ba, ƙarfen tankin ne zai tsage.

Wannan batu ya shafi Najeriya kai tsaye. Kamfanin Greenville da ke Rumuji a jihar Ribas ya kwashe shekaru yana kai LNG a kan motoci zuwa wuraren da bututun gas bai isa ba. A Janairun 2025 kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya aza harsashin ƙananan masana'antun LNG guda biyar a Ajaokuta ta jihar Kogi, kuma ta hanyar mota ne kayansu za su isa kasuwa. A ɓangaren lafiya, annobar korona ta nuna yadda manyan asibitoci ke buƙatar oksijin mai yawa, wanda hanya mafi sauƙi ta kai shi ita ce a matsayin ruwa.

Abin da dokokin duniya suka tanada

A watan Oktoban 2018 Najeriya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan safarar kaya masu haɗari a kan hanya, wadda aka sani da ADR, da aka ƙulla a Geneva a 1957. Yarjejeniyar ta fayyace sharuɗɗan irin waɗannan tankoki.

Ta ce a sanya wa tankin bawul biyu ko fiye, kowanne mai cin gashin kansa, waɗanda za su buɗe a daidai matsin aiki mafi girma da aka rubuta a jikin tankin. Biyu daga cikinsu dole ne kowanne shi kaɗai ya iya fitar da iskar da ke taruwa a tafiya ta yau da kullum, ta yadda matsi ba zai haura matsin aiki da fiye da kashi 10 cikin 100 ba. An yarda a maye gurbin ɗaya da wani siririn faifan ƙarfe da aka tsara ya fashe idan matsi ya kai wanda aka gwada tankin da shi. Haka kuma, idan iska ta shiga tsakanin bangon tankin biyu, ko kashi 20 cikin 100 na rufin hana zafi ya lalace a tanki mai bango ɗaya, dole ne na'urorin gaba ɗaya su iya fitar da iska da saurin da zai hana matsi wuce na gwaji.

Dokar sufuri ta Amurka, wadda ke kiran wannan nau'in tanka MC-338, ta bi irin wannan tsari mai hawa biyu ga tankokin oksijin da na iska mai kamawa da wuta. Bawul na matakin farko zai buɗe kafin matsi ya wuce kashi 110 cikin 100 na wanda aka ƙera tankin a kansa, na mataki na biyu kuma tsakanin kashi 130 zuwa 150. Dokar ta hana sanya makullin da zai iya raba tanki da bawul ɗinsa, sai dai idan an tsara shi ta yadda ko yaushe za a bar isasshiyar hanyar fitar iska a buɗe. Ta kuma buƙaci kowane yanki na bututu da za a iya rufewa ta kai biyu ya samu nasa ƙaramin bawul, domin ɗan ruwan da ya maƙale a ciki zai iya fasa bututun idan ya ɗumama.

Hikimar da ke cikin dokokin biyu guda ce. Bawul na iya daskarewa ko ya maƙale, don haka ba a dogara da guda ɗaya. Kuma ana auna girmansa ne da mummunar rana, ranar da tankin ya rasa kariyarsa daga zafi.

Iyakar abin da bawul zai iya

A ranar 22 ga Yuni, 2002, wata tankar LNG ta kife a kusa da garin Tivissa na yankin Kataloniya a Sifaniya, ta kama da wuta. Bayan kimanin minti 20 tankin ya tarwatse. Direban ya mutu, wasu mutum biyu da ke nesa da wurin suka ƙone. A Oktoban 2011 aka sake samun irin haka a yankin Murcia na ƙasar. A duka haɗurran biyu tankin mai bango ɗaya ne da aka lulluɓe da kumfar roba, wadda wuta ke cinyewa.

Darasin shi ne bawul yana sayen lokaci ne kawai idan wuta ta kewaye tanki. Ƙarfen da harshen wuta ke duka yana yin laushi, kuma zai iya tsagewa ko da bawul yana aiki. Bayan haka, an tsara bawul ya zauna a sama inda iska take. Idan mota ta kwanta ta gefe ko ta kife, bakinsa na iya nutsewa cikin ruwan, ya riƙa fesa ruwa mai daskarar da fata a maimakon iska. Saboda haka ƙa'idar bawul ba ta cika sai an haɗa ta da ta ƙirar tankin kansa.

Inda yanayin Najeriya ya ƙara nauyin lamarin

Kowace irin wannan tanka tana da adadin sa'o'in da za ta iya riƙe kaya kafin bawul ya fara fitar da iska, kuma dokar Amurka ta wajabta rubuta wannan lokaci a jikin motar. A ƙasar da tafiyar kwana ɗaya ke iya komawa ta kwana huɗu, wannan adadi ba ƙaramin abu ba ne. A Oktoban 2022, lokacin da ambaliya ta datse hanyar Lokoja zuwa Abuja a yankin Koton Karfe, tankoki sun shafe kwanaki a layi. Tankar fetur tana iya jira. Tankar LNG kuwa, idan lokacinta ya cika, za ta fara fitar da iska mai kamawa da wuta a tsakiyar cunkoso, kusa da masu shayi da masu suya.

Na biyu shi ne gyaran bakin hanya. Ga wanda bai san aikin ba, ƙarar bawul da farin hayaƙin da ke fita alama ce ta yoyo, kuma abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne ya ɗaure ko ya toshe wurin. Yin hakan daidai yake da cire wa tankin kariyarsa ta ƙarshe.

Na uku shi ne aikin ceto. Littafin jagorar masu kai ɗaukin gaggawa da ake amfani da shi a Amurka da Kanada da Mekziko ya yi gargaɗin kada a fesa ruwa a kan bawul ɗin irin wannan tanka, domin ƙanƙara za ta iya toshe shi. Ya ce a janye nan take idan ƙarar bawul ta ƙaru ko launin tankin ya sauya, kuma idan tankar LNG ce ke cikin wuta a killace mita 1,600 ta kowane ɓangare.

Na huɗu, kuma mafi tayar da hankali, shi ne taruwar jama'a. A Majiya da Dikko mutanen da suka je kwasar mai ne suka fi yawa cikin mamatan. A tankar ruwa mai tsananin sanyi babu abin kwasa. Ruwan yana ƙona fata kamar wuta. Naitirojin ba ya wari, amma yana kore iskar shaƙa har mutum ya faɗi. Oksijin yana sa tufafi da man inji su kama da wuta cikin sauƙi, kuma kwaltar da ta jiƙe da shi tana iya fashewa idan wani abu mai nauyi ya buge ta.

Abin da ya rage a yi

ADR yarjejeniya ce ta safara tsakanin ƙasashe. Tankar da ta tashi daga Ajaokuta zuwa Kano ba ta ƙetare iyaka ba, don haka dokar cikin gida ce ke hukunta ta. Ƙasashen Tarayyar Turai sun toshe wannan giɓi ne ta hanyar shigar da sharuɗɗan yarjejeniyar cikin dokokin safararsu ta cikin gida, kuma wannan hanya a buɗe take ga Najeriya.

Aikin ya ratsa hukumomi da dama. NMDPRA ce ke ba da lasisin harkar gas, Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ce ke tsara ma'aunin inganci, FRSC ke tsaye a kan hanya, hukumomin kashe gobara na tarayya da na jihohi kuma su ne ke fara isa wurin haɗari. Tankar oksijin ta asibiti ba kayan man fetur take ɗauke da shi ba, saboda haka akwai buƙatar a bayyana ƙarara wace hukuma ce ke da alhakin duba ta.

Ƙa'idar da ake buƙata ba mai tsawo ba ce. Ta fayyace yawan bawul da matsin da kowanne zai buɗe a kansa. Ta wajabta gwada su lokaci-lokaci a wurin da aka amince da shi, a sanya musu hatimi da ranar gwaji ta yadda jami'i zai gane idan an taɓa su. Ta buƙaci rubuta lokacin riƙe kaya a jikin mota, tare da lambar direba ko ta kamfani da za a kira idan tafiya ta tsaya. Tankokin da ake shigowa da su na hannu su zo da takardun gwajinsu, a kuma sake auna ko har yanzu babu iska a tsakanin bangayensu.

Sai horarwa. Allon ruwan lemo da ke gaba da bayan motar yana faɗin abin da ke ciki: lamba 1972 LNG ce, 1073 ruwan oksijin, 1977 kuma ruwan naitirojin. Jami'in FRSC da ɗan sanda da ma'aikacin kashe gobara da ke aiki a hanyar Lokoja zuwa Abuja zuwa Kaduna ya kamata su san waɗannan lambobi uku kamar yadda suka san lambar mota. Ƙungiyar masu motocin dakon kaya, NARTO, da reshen direbobin tanka na ƙungiyar NUPENG suna da rawar takawa wajen isar da wannan ilimi ga mambobinsu, gidajen rediyo kuma ga mazauna garuruwan bakin hanya, cikin harsunan da suke ji.

Tankokin fetur sun yi shekaru da dama suna yawo kafin a tilasta musu bawul, kuma an biya kuɗin wannan jinkiri da rayuka. Tankokin ruwa mai tsananin sanyi har yanzu ba su kai na fetur yawa ba, kamfanonin da ke da su sanannu ne, wuraren lodinsu kuma ƙididdigaggu. Yanzu ne rubuta ƙa'idar da aiwatar da ita za su fi sauƙi, tun kafin masana'antun Ajaokuta su fara sakin motoci a hanya da yawa.