Damina Ba Sallah: Lissafin da Ke Jiran Masu Kitso da Masu Aski a Ajingi

A shekarar 2019, Babbar Sallah ta faɗo ranar 11 ga Agusta, a tsakiyar damina. A 2025 kuwa ranar 6 ga Yuni aka yi ta, ruwa ma bai gama zama a gabashin Kano ba. Kowace shekara Sallah na matsowa da kwana 10 ko 11, kuma yanzu an shiga zangon da duk Sallolin biyu za su riƙa ƙarewa kafin a yi shuka. Ga ma'aikacin gwamnati wannan canjin ranar hutu ne kawai. Ga mai kitso da lalle a Ajingi, da mai shagon aski a Gaya, magana ce ta abin da za a ɗora a tukunya, domin daga Yuni har zuwa Oktoba babu wani babban lokacin ciniki, in ba ɗan motsin da Maulidi ke kawowa ba.

Ajingi ƙasar manoma ce. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar na da mutane sama da 170,000, kuma akasarinsu da gero da dawa da gyaɗa da wake suka dogara. Da zarar ruwa ya sauka, kuɗin gida sai ya koma gona: iri, taki, maganin feshi, ladan 'yan ƙwadago. Maigidan da ke neman kuɗin buhun taki ba ya cikin halin bayar da kuɗin lalle. Matar da ke tsefe kanta duk mako biyu sai ta bar kitson ya yi wata guda, saurayin da ke zuwa gyaran fuska kowace Juma'a yana can bayan garma. Bukukuwan aure, waɗanda su ne ƙashin bayan sana'ar gyaran jiki, yawanci sai a ɗaga su zuwa kaka, lokacin da amfani ya shigo gida.

Duk mai sana'ar ya san haka. Abin da ke damun mai lura shi ne yadda ake tarbar wannan lokaci kowace shekara kamar baƙon da bai yi sallama ba. A makon jajiberin Sallah mai kitso takan kai tsakar dare tana shuku da kalaba, yara na layi da hannuwa a miƙe ana zana musu lalle. Shagon aski kuwa ba a kashe janareta sai gab da asuba. Kuɗi na shigowa, suna kuma fita a ranar: ɗinkin yara, anko, gudummawar biki, biyan tsohon bashi. Zuwa Agusta sai a nemi na sayen sukari da lemon tsami na dafa halawa a rasa.

Manomin Ajingi ba ya cinye hatsinsa a masussuka. Yana zubawa a rumbu, yana ɗiba da kwano har wata kakar. Cinikin Sallah da na bukukuwan kaka shi ne girbin mai gyaran jiki, kuma irin wannan riƙon yake buƙata.

Matakin farko mai sauƙin faɗa ne, mai wuyar yi: a raba kuɗin sana'a da kuɗin cefane. Yawancin masu kitso a nan a cikin gida suke aiki, bisa tabarma a tsakar gida, don haka kuɗin da cinikin ya kawo da wanda za a sayi manja a haɓar zane ɗaya suke kwana. Littafin makaranta mai shafi 40 ya isa a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Wadda ba ta yi boko ba tana iya rubutawa da ajami, ko ɗiyarta ta rubuta mata. Asusun OPay ko Moniepoint na daban, wanda ba a taɓa shi sai don sana'a, shi ma yana hana hannu saurin kaiwa ga kuɗin.

Sai adashe, wanda mata suka fi kowa iya shi, amma tsarinsa na buƙatar gyara. Adashen da aka saba zubi ɗaya ne kowane mako, rani da damina. Ga mai kitso wannan yana nufin a watan da ba ta da ciniki uwar adashe na aiko yaro, ita kuma tana cin bashi don kada ta ji kunya. Babu abin da ya hana masu sana'a iri ɗaya su kafa nasu, zubi mai nauyi daga kaka zuwa Babbar Sallah, mai sauƙi a damina. A ce mata 10 sun amince da naira 3,000 a mako lokacin ciniki da 500 lokacin da kasuwa ta kwanta. Zubin ba zai karya kowa ba, kuma ana iya ajiye wani kaso a raba a Yuli da Agusta.

Ajiyar tsabar kuɗi ma tana da nata haɗarin. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Naira 50,000 da aka ɓoye a akwati ba ta sayen abin da ta saya wata shida baya. Shi ya sa ya fi kyau a mayar da wani ɓangare kayan aiki marasa lalacewa: garin lalle, kurkum, itacen turaren wuta, zare, reza. Wasu kan sayi hatsi su ajiye, sai dai waɗanda suka yi haka sun ga yadda farashi ya faɗi a 2025. Tunkiya ko akuya ta fi dacewa da mace mai zaman gida, ga ciyawa a wadace da damina, ga kasuwar Wudil ranar Juma'a in buƙata ta taso.

Mai aski nasa ciwon fetur ne. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta wuce 1,000 a 2024. Tayar da janareta don kai ɗaya ko biyu asara ce tsagwaronta, kuma a damina haka kawunan ke zuwa, ɗai-ɗai. Idan akwai abin da ya cancanci a zuba ribar Sallah a kansa, to kilifa mai caji ce da ɗan faifan sola da batir. Wanda ya haɗa su ya samu sana'a ta biyu a shago ɗaya, wato cajin waya, wadda ba ta san rani ko damina ba.

Akwai kuma bashi. "Yi mini, in Baban su Abba ya dawo zan aiko." Kowace mai kitso ta san wannan magana, ta kuma san nauyin cewa a'a ga maƙwabciya ko 'yar uwar miji. Zumunci gaskiya ne, ba a raina shi. Amma bashin da ba a rubuta ba, ba a kuma sa masa rana ba, kyauta ce da mai ita ba ta yi niyya ba. A ƙauye ana iya yarda a biya da kwanon gero ko wake in kaka ta yi, muddin an faɗi adadin tun farko.

Lokacin da hannu ya huta ma yana da amfaninsa. Haihuwa ba ta jiran kaka, kuma wanzamai sun daɗe da gane haka: suna da gidajen da suke yi wa askin suna shekara da shekaru, suna kuma noma gonakinsu da damina. Mai lalle da ta riƙe gidaje 15 ko 20 da za su kira ta duk lokacin da aka yi mai jego tana da abin da zai riƙe ta. Watannin nan ne kuma na koyon sabon zane daga bidiyon waya, na koya wa yarinya ko biyu da za su kama mata aiki in bukukuwa sun cunkushe, na haɗa humra da turare da za a sayar wa amare a Nuwamba.

Masu ba da rance da masu shirin koyar da sana'a su ma akwai gyara a gabansu. Rancen da ake fara biya mako guda bayan karɓa, da adadi ɗaya har ƙarshe, an tsara shi ne don mai shago a Kantin Kwari, inda ciniki ba ya yankewa. Raba na'urar busar da gashi a garin da wuta ba ta zama shi ma bai warware komai ba. Abin da mai kitso a Ajingi ko Albasu ke buƙata ƙaramin jari ne da za a ba ta a Satumba ta sayi kaya, ta fara biya a Disamba bayan bukukuwa sun kankama, a kuma sassauta mata daga Yuni zuwa Agusta. Bankunan ƙananan 'yan kasuwa sun san irin wannan tsari, domin da shi ake ba manoma rancen noma.